Hoton Mama a Bakin Kurmi

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da abokan aiki biyu, a wata motar da ƙofarta sai an yi mata addu'a take rufuwa. Daga Mararraban Rido har Kasuwan Magani buhunan gawayi ne jere a bakin titi, ga araha, har direba ya so ya ɗora mana biyu a cinya. Muka ce a kai kasuwa.

A Zonkwa muka ci doya da ƙwai, na rabu da su a Kafanchan, na hau acaɓa zuwa ƙauyen Mama Ladi, yayar mahaifiyata. Ita ta yi kirana, don ta ji ina aiki a ofishin tsare-tsare, kuma a wurinta duk mai zama ofis gwamna ne.

Ban huta ba ta ja ni bayan gari. An kafa turaku masu jan fenti kewaye da kurminsu, za a sare shi a faɗaɗa gonakin citta don fitarwa waje. Na san aikin citta tun ina yaro: in an shuka citta sai an lulluɓe kunya da ɗanyen ganye, in ba haka ba rana ta dafa irin. A kurmin nan matan garin ke yankan ganyen, reshen ƙasa kawai, ba a taɓa na sama.

"Ɗana, citta bai son tsirara," in ji ta. "In sun sare, da me za mu rufe shi?"

Na ce ƙaramin ma'aikaci ne ni, amma zan ɗauki hoto in nuna wa manya. Sai ta ce in dakata. Ta koma gida da sandarta, ta dawo sanye da zanin zumuntar mata na coci, ta tsaya ƙyam a gindin ɗorawa, ta ƙi yin murmushi don kada a ce wasa take.

Na dawo Kaduna da yamma da ƙullin citta da ciwon baya. Tafiyar ta koya mini cewa a tsarin ofishinmu na faɗaɗa noman citta mun lissafa gona da titi da sito, amma ganye bai samu gurbi ba. Jibi akwai taro a ofis, kuma ban taɓa ɗaga hannu a gaban manya ba. Wannan karon zan ɗaga, don tsohuwar nan ba ta sa zanin coci a banza ba.