Nano ne, ba nono ba!

Duk wanda ya san Kawu Sada ya san ba a ba shi aron biro. Ka ba shi, ya kwance, ya zare ɗan sifirin ɗin ciki, ya miƙo maka gangar jiki. Rabin biron Dutsin-Ma a hannunsa suka mutu, wallahi!

Sai ya matse sifirin ya saki. "Ka ga yadda ya dawo? To akwai irinsa na sinadarin gawayi, naɗaɗɗe, silin gashinka katako ne a kansa. Nano ake ce wa wannan ƙanƙanta. Ka ja shi ya miƙe, ka saki ya koma, lantarki kuma ya bi ta cikinsa."

Mutumin da ya tsufa yana koyar da kimiyya a sakandare ke nan. Amma a zaman makokinsa wani ya buɗe baki ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam Nono." Nono! Har jikokinsa da sunan ake tsokanarsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don raina ya ɓaci.

Alhaji Mamman mai hatsi ne ya jawo. A wata walima a Birchi, Kawu ya tsare mutane da bayani har shinkafa ta huce, wai nano zai ƙara wa batir ƙarko, ya sa roba ta yi ƙarfi. Alhaji ya gyara zama.

"Malam, ina ciki. Shanu nawa za a fara da su?"

"Shanun me?"

"Na tatsar nonon mana."

Kawu ya tashi ko takalmi bai tsaya nema ba. Kafin sati Fulani mata sun fara sallama a ƙofarsa da ƙwarya.

Bai daddara ba. Ya karanta cewa da iskar kabaid, wadda masu walda ke kunna wuta da ita, ake tsiro da naɗaɗɗun nan a kan garin ƙarfe mai zafi, sai ga shi wurin Ɗanlami mai walda.

"Kunna mini."

"Malam, matsa baya kaɗan."

"Kai za ka koya mini wuta?"

Fuu! Rabin gemun Kawu ya tafi. Ya shafa haɓa, ya duba baƙin da ke yatsunsa, ya ce, "Ko a nan ma akwai sinadarin. Na'urar ganin ƙananan abubuwa ce babu."

Ran da na goya shi a babur zuwa Kurfi kuwa, kowane rami sai ya dungure ni. "Lawai, da an zuba naɗaɗɗun nan a robar kujerar nan, da sun shanye jijjigar!"

"Kawu, ni dai riƙe ni."

"Jahili! Ƙashin bayanka nake wa tanadi."

Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma da ciwon suga ya kashe masa tafin ƙafa, na je ina matsa masa, ya ce ba ya jin hannuna. Sannan ya ce masana na gwada yin wata fata da naɗaɗɗun nan, mai gane taɓawa.

"Ni ba zan riske ta ba. Wani mai irin ƙafata zai riska. Ka faɗa wa yaran nan kakansu ba taɓaɓɓe ba ne."

To na faɗa, ku ma kun ji. Sunansa Malam Sada. Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa ilimin da muka yi wa dariya ya zame maka haske.