Hasumiyar da Ta Karkata

Shekaru masu yawa ni da maƙwabcina, wani dattijo Kirista da ya yi aikin akawu a kamfanin kuza, muna tara kan sarki masu hoton hasumiyoyin duniya. Kowace Asabar mukan zauna a zaurena da ke Nasarawa Gwom, mu jiƙa tsofaffin ambulan cikin ruwan ɗumi har kan sarkin ya saki da kansa, domin mai gaggawa shi ke yaga haƙoransa. Na mallaki hasumiyar agogo ta Landan da ta ƙarfe ta Faris, amma ta Italiya, wadda ta karkata, tana hannunsa. Duk lokacin da na roƙa sai ya ce, "Alhaji, sai dai ka gada bayan raina."

Da tashin hankali ya raba unguwannin Jos, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu, zaman Asabar ya mutu. Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, sai ran nan ya aiko mu haɗu a kasuwar Farin Gada. A tsakanin buhunan kabeji ya kwance hankici, ya miƙo mini hasumiyar da ta karkata.

Na ce, "Malam, ai ba ka mutu ba."

Ya ce, "Gwiwoyina sun gaji da hawa mota, Alhaji. Ba na jin zan sake shigowa gari."

Na kawo ta gida, na ajiye ta kusa da 'yan'uwanta a littafin da nake jera kan sarki. Shafin ya cika, amma wanda nake son in yi wa alfahari da shi ya riga ya hau mota.