Malam Ɗalha Mai Tafireta da Jarrabawar Majalisa

Malam Ɗalha ɗan unguwar Sheshe ne, can aka haife shi, can ya yi aure. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a wata rumfa a bakin Kasuwar Kurmi yana buga wa mutane takardu da tafireta: neman aiki, koke, wasiƙar ɗan kasuwa zuwa Legas. Karatunsa ya tsaya a aji uku na kwalejin horon malamai, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Turancin da ya fito da shi ya ishe shi cin abinci, amma bai taɓa isar zuciyarsa ba.

A daminar 1999, bayan soja sun koma bariki, maƙwabcinsa Alhaji Tanko mai kayan yaji ya miƙo masa wani fallen jarida da yake shirin ƙunsa citta a ciki.

"Malam, duba nan. Kamar da kai suke."

Majalisar dokoki ce ke neman masu rubuta muhawara. Za a gwada Turanci, da fassara, da saurin bugu, nan da mako bakwai. Ɗalha ya karanta sau uku a tsaye. Shekararsa arba'in da bakwai a lokacin. Tun daga ranar zama ya gagare shi.

Ya aro wani ƙamus marar bango wajen Malam Sule, tsohon hedimasta da ke Zaitawa. Ya yayyanka kwalayen sabulu ƙanana-ƙanana. A gaba ya rubuta kalma, a baya ma'anarta da Hausa da yadda ake furta ta, duka da ajami. Talatin kullum. Aljihun kaftaninsa ya kumbura. In ya zauna gaban tafireta minti goma sai ya miƙe, ya bi lungu har Zaitawa ya dawo, bakinsa na motsi. Masu gaishe shi suna sassauta murya, a zatonsu wuridi yake.

Matarsa Lauratu ba ta yi boko ba, amma ajami ba ya ba ta wuya. Bayan la'asar tana tsintar shinkafa, kwalayen na kan cinyarta.

"Ambigiwas," in ji ta.

"Zance mai harshen damo."

"Ka ci. Malam, ka san da safe a baibai ka sa hula ka fita?"

"Ja na gaba, Laure."

Abin ya fara shiga aikinsa. Wani dattijo ya zo a rubuta masa koke kan iyakar gonarsa, Ɗalha ya cusa "notwithstanding" har sau uku a shafi guda. Bayan kwana biyu dattijon ya dawo da takardar, ya ce wanda ya kai wa ya karanta ya rasa abin da ake nema.

A mako na huɗu Lauratu ta ɗauko kwalayen farko ba tare da ta faɗa masa ba. Cikin ashirin, uku ya tuna. Ya tashi ya fice ko takalmi bai sa daidai ba, sai soron Malam Sule.

"Malam, suna zuba kamar ruwa a rariya. Ko dai na tsufa?"

Hedimasta ya juya kwali ɗaya a hannu. "Wannan, ka taɓa faɗa wa wani ita?"

"A'a."

"To ba taka ba ce tukuna, aro ce. Rage su. Kowace ka sama mata mutumin da ka sani, ka yi jimla a kansa."

Daga ɗari takwas Ɗalha ya rage su zuwa ɗari uku, yana jin kamar 'ya'yansa yake kora. Alhaji Tanko, da ba ya rage wa kowa farashi, ya zama "obstinate", wato mai taurin kai. Mai unguwa, gwanin iya zance, ya zama "eloquent". Duk wanda ya gifta ta gaban rumfar sai ya tafi da kalma a bayansa bai sani ba.

Ranar jarrabawa mutum kusan ɗari biyu ne a ɗakin taron wata sakandare, yawancinsu samari masu digiri. Ɗalha ya buɗe takardar Turanci. Cikin duk kalmominsa shida kacal suka fito, ɗaya ma ta ɓace masa. Sai aka raba takardar fassara: jawabin Hausa kan kwalbatin da ya karye ya raba ƙauye da kasuwa. Nan alƙalaminsa ya kama gudu. Irin wannan kuka ya saba mayarwa Turanci tun kafin a yaye wasu cikin samarin.

Wata biyu sakamako bai fito ba. Kullum sai ya hau bas ya je ya duba allon sanarwa, ya dawo ya kasa cin tuwo. Ranar da aka kafe sunaye, mutum goma sha biyu aka ɗauka. Shi ne na sha ɗaya.

Ya yi aikin shekara goma sha uku. Rabin muhawarar da Hausa ake yin ta, in rai ya ɓaci ma duka, shi kuwa ya zauna ya daidaita ta cikin Turanci mai tsabta. Da ya yi ritaya, ana cewa yanzu sai hutu, sai ga shi da fom ɗin jami'ar karatu daga gida. 'Yarsa Jamila ce ta cike masa, don ƙananan rubutu sun fara yi masa hazo. Da ta zo gurbin fannin da yake so, ta ɗago kai.

"Baba, me zan sa?"

"Sa lauya," in ji shi. "Yi sauri, ranar Juma'a za su rufe."