Kwanon Baba da Shamuwa

Mahaifinmu bai taɓa yarda da hasashen yanayi na rediyo ba. A ganinsa, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ina ya san ruwa? Shi shamuwa yake jira. Tun zamanin kakansa, gidanmu ba ya zuba iri sai ta sauka kan tsamiyar tsakar gida ta fara ɗaukar karan sheƙa. Ruwan da ya riga ta, in ji shi, na yaudara ne, iri kawai yake ƙonawa. Kuma a gaskiya, a shekarun nan da damina ta fara wasa da mutane, sau da yawa tsuntsuwar ta fitar da shi kunya.

Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba, ina koyarwa a Tsafe, Baba ya sayar da sa guda ya sayo kwano a Gusau ya rufa ɗakinsa. Duk ƙauyenmu na ƙasar Bunguɗu babu mai walƙiyarsa. Baƙo ko ruwa bai sha ba sai an nuna masa kwano. Sai Baba ya tuna reshen tsamiya ya rufo ɗakin, kuma shamuwa ba ta san sabon kwano ba in kashi ya matsa mata. Da rani ya kira masu gatari, wai a rage reshe ɗaya. Da na zo hutu, kututture na tarar.

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka. Baba ya ce gaggawa ke damunsu. Ruwa ya sake sauka, gero ya tsiro a gonakin mutane, namu irin yana cikin ƙwarya. Kullum da safe Baba zai fito ya ɗaga kai sama, ya yi tsaki.

"Duniya ta lalace," yake cewa. "Ko tsuntsu ya bar cika alkawari. Mutanen zamanin ga sun ɓata ƙasa."

Wallahi raina ya ɓaci, don abincin gidan na shekara ne ke wucewa muna kallo. Amma wa zai faɗa masa? Sai Inna, mahaifiyarmu, ranar da ta dawo suna daga Rawayya. Ta ajiye mayafi ta ce, "Malam, baƙinka na gaishe ka. Suna can kan tsamiyar yayana, har sun ƙyanƙyashe. Da sun taho nan, bisa mi za su sauka? Bisa kwano?"

 Washegari muka yi shuka, gonakin mutane gero ya kai gwiwa. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri, namu ya fitar da kai babu ƙwaya. Kafin wata damina rumbu ya zama wayam, dole Baba ya sa aka ciro kwanon don a sayar a auno hatsi.

Ina tsaye mai saye ya zo. Ya juya fallen farko, ya shafa shi da tafin hannu, ya ce, "Kai, Baba, ka iya riƙon kaya! Ko ɗigon kashin tsuntsu babu."

Baba ya ce, "Babu."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na kawar da kaina.