Cokalin da Baba Malam Ya Sassaƙa wa Amaryarsa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar surukina, Baba Malam, a Kabo. Ba zan kama sunansa ba, haka kuma yarinyar da zan yi magana a kanta, don 'yata ce ta fari. Tsoron da nake son in fara da shi ya girmi rasuwar. Tun ina jego na lura hannunta na dama ba ya buɗewa kamar na hagu. Yatsun a dunƙule suke, sai an lallaɓa. Na gani, na yi shiru, saboda a wajenmu uwa ba ta sa ido a kan ɗan fari. Kullum ina lissafin ranar da za ta fara cin abinci da kanta, ina fargabar hannun da za ta miƙa.

Na hagun ta miƙa. Daga nan duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗalle mata hannu, har da yaran da ba su fi ta da komai ba. Ta kai in ta ga an ajiye kwano sai ta ɓoye hannuwan duka biyu a bayanta. Tana ramewa a gabana, ni kuwa kunya ta ɗaure min baki.

Baba Malam ne ya gane. Ya tara mutanen gida ya ce mai uzuri babu laifi a kansa, kada a sake dukan ta. Aka ce to, amma in ya fita makaranta sai a ci gaba. Da ya fahimci magana ba za ta yi ba, wata ranar kasuwa sai ga shi ya dawo daga Getso da gizago da ƙaramar wuƙa. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa feƙe abin da ya wuce alƙalamin kara ba.

Inna, uwar mijina, ta dube shi ta ce, "Malam, turmi za a fara yi mana ko mu jira kujera?"

Ya ce, "Ke dai ba naki ba ne. Amaryata zan yi wa kayan ɗaki." Haka yake kiran jikar tasa.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: bai iya ba. Cokalin farko da itacen darbejiya ya yi shi, kokon ya yi ɗaci, yarinyar ta tofar ta ce, "Ango, ba daɗi." Na biyu ɗanyen icce ne, yana bushewa ya tsage gida biyu. Ya yanke babban yatsansa, ya yi kwanaki yana ba da karatu da tsumma a ɗaure. A gari aka fara cewa Malam ya bar allo ya koma sassaƙa, wai tsufa ne. Wasu 'yan uwansa malamai suka zo takanas daga Gwarzo su ce masa wannan ba sana'ar gidansu ba ce. Ina daga bayan zana ina jin su. Bai ce musu komai ba sai, "Ku matsa kaɗan, ɓarɓashin zai shiga muku ido."

A ƙarshe guntun aduwa ya samu, irin wadda ake yin allo da ita. Yakan zaunar da yarinyar a cinyarsa, ya sa iccen cikin tafinta, ya duba inda yatsun suka kwanta, ya rage kaɗan, ya sake gwadawa. Abin da ya fito ba kyakkyawa ba ne. Mariƙin kauri gare shi kamar na muciya, da gurbi inda babban yatsa zai zauna, bakin kuma ya karkace ya fuskanci bakinta. Da shi ta fara kai loma da hannun dama. Ni ko kallon wajen ban iya yi ba, na shige ɗaki na yi ta ninke kayan da na riga na ninke.

Bana cokalin ya tsage, dama hannunta ya fi ƙarfinsa. Na kai wa masu sassaƙa a kasuwa, suka yi min mai kyau, miƙaƙƙe, santsi kamar kwalba. Ba ta iya riƙe shi ba. Sai na ɗauko gizagon daga ƙarƙashin gadon Inna.

Yanzu ni ake wa magana. Wan mijina ya ce, "Mace da gizago? A gidan malamai?" Wata maƙwabciya ta ce na zubar da kunya, ina rawar jiki a kan 'yar fari a bainar jama'a. Mijina bai hana ni ba, shi ne ma yake wasa min wuƙar, amma ya fi son in riƙa yi a bayan ɗaki. A tsakar gida nake yi. Na yi shiru sau ɗaya a kan yarinyar nan, na ga abin da shirun ya jawo mata.

Nakan tambayi kaina me Baba Malam zai ce in ya gan ni. Ina jin dariya zai fara yi, don na maimaita kuskurensa na ɗanyen icce, kuma tabona yana daidai inda nasa yake. Har yanzu ban samu karkatar bakin nan yadda ya same ta ba. Wanda na yi na baya-bayan nan tana ci da shi, amma miya na zuba a rigarta. Ta ce min, "Na Ango ya fi." Gaskiya ta faɗa. Zan yi wani.

Ɗalibansa suna tuna shi da karatu, kuma ya cancanta. Ni abin da ya bar min shi ne yarinya mai zama cikin sa'anninta ta ci abinci ba ta ɓoye hannu.

Mai karatu, ka sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa. Sannan in ka ga yaro ya miƙa hagu a kwano, kafin ka ɗalle shi, ka kama na daman ka buɗe ka duba.