Kwalin Ranar Ritaya

A gidajen benen da ke bayan tashar jirgi a Sakai, abu biyu aka san Tsutomu Kuroiwa da su. Na farko, direban bas ne da ya yi sama da shekara talatin bai taɓa fasa ko madubi ba. Na biyu, shi ne mutumin da ya ba kayan wasa ɗaki guda sukutum, alhali shi da matarsa Fumie a falo suke shimfiɗa katifa. Tun ranar da 'yarsu Chika ta yi aure ta koma Nagoya, ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba ya shigo da kabad ɗin gilashi.

Idan ka ce musu kayan wasa a gabansa, ka ja wa kanka huɗuba. Mutum-mutumi ne masu rikiɗa, irin masu tsadar nan da ake ƙerawa don manya masu furfura da albashi. Ka ɗauko mota, ka lanƙwasa nan, ka juya can, ka zaro ƙafa daga ƙarƙashin ƙofa, sai ga jarumi tsaye yana hararar ka. Guda ɗaya kan cinye cefanen wata. Fumie ta daɗe da daina tambayar farashi, don duk wanda ya shigo gidan, a bakin Kuroiwa a ragi ya same shi.

Masu tara irin waɗannan kaya gida biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Akwai 'yan ajiya, masu sayen abu su jera kwalinsa a duhu, ba su taɓa ɗan tef ɗin da kamfani ya like bakinsa da shi ba. Akwai kuma 'yan buɗewa. Kuroiwa ɗan buɗewa ne na gaban goshi. Yakan ce wanda ya sayi mai rikiɗa bai rikiɗa shi ba, kwali ya saya, kuma kwali kyauta ake samu a bayan kanti. Da ya taso daga aiki zai wanke hannu, ya zauna a kan tabarma, ya ɗauko ɗaya. Yatsunsa sun haddace kowace gaɓa, har ido rufe yake yi. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da gaɓa ke yi idan ta shiga mazauninta, ita ce ke sauke masa gajiyar sitiyari.

Amma kowane mai wa'azi yana da abin da ya ɓoye a saman kabad. Na Kuroiwa kwali ne guda da bai taɓa buɗewa ba. Masu ƙera waɗannan abubuwa ba sa yin jarumi daga bas, sun fi son motar tsere da jirgin yaƙi, wai bas ba ta da kwarjini. Sau ɗaya tak wani kamfani ya yi, kaɗan ya fitar, sai da ƙuri'a ake samu, kuma ƙuri'a ta faɗo kan Kuroiwa. Bas ce doguwa, kore da fari, gaɓoɓinta na roba mai ruwan zinariya. A siffar bas aka sa ta cikin kwalin, don haka ta tagar ledar da ke gaba bas kawai ake gani. Kan jarumin yana can naɗe a cikin cikinta. Shekara ashirin ke nan Kuroiwa bai taɓa ganin fuskarsa ba, ko hotonsa a waya ƙin kallo yake yi. Ya ce ranar da ya ajiye makullin bas, ranar zai zauna ya buɗe tasa.

Ritayar ba ta jira ya shirya ba. Yatsan hannun dama ne ya fara, ɗan motsi kaɗan idan ya ɗora hannu a cinya. Ya ɗora wa shayi laifi, ya daina sha. Motsin ya haura zuwa wuyan hannu. A gwajin lafiyar da kamfani ke yi wa direbobi likita ta ce ya miƙe hannuwa, ta dube su, ta dube shi, shi ma ya sha jinin jikinsa. Ciwon karkarwa ne, irin wanda magani ke rage wa gudu amma ba ya mai da shi baya. Aka raba shi da sitiyari, aka ba shi furanni da jawabi, ya dawo gida da rana tsaka kamar wanda aka kora daga makaranta.

Abin da ya fi ci masa rai ba bas ɗin ba ne. Wata safiya ya ɗauko wata jar mota da ya rikiɗa ba adadi, ya kasa cusa 'yar ƙugiyar kafaɗa a raminta. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi ya keto masa. Ya mayar da ita kabad, rabi mota rabi mutum, ya ja gilashi ya rufe. Daga nan idonsa ya koma saman kabad, ya kuma san cewa idan bai buɗe kwalin nan da wuri ba, hannun da zai buɗe shi ba zai ƙara samuwa ba.

Fumie kuwa banɗaki take kallo. Bahon wankansu irin na da ne, mai zurfi, sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, kuma ta ga yadda ya yi tangaɗi a bakinsa. Ana bukatar a sauya baho, a kafa ƙarafan dafawa, a daidaita dokin ƙofa. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta zuba masa shinkafa da miya ta ce, "Baban Chika, mutanenka na ɗakin can ba za su ɗaga ka ba in ka faɗi."

Haka aka kira Hamaguchi, mai shagon tsofaffin kayan wasa a unguwar Nipponbashi, wanda ya ci kuɗin Kuroiwa tun suna da gashi baƙi. Ya zo da safar hannu fara da ƙaramar tocila, ya shiga ɗakin yana ɗaga masu rikiɗar ɗaya bayan ɗaya yana tsaki.

"Kai Kuro, wannan ai ka murje shi kamar tsohon silifa. Dubi gwiwa, lako-lako."

"Don a murza aka yi shi."

"Don a murza aka yi shi, amma ba don a murza ake sayensa ba. Ina kwalayensu?"

"Uwargida ta kai su shara ranar kwashe takardu."

Hamaguchi ya dafe kai. "Fumie-san, kin san abin da kika zubar kuwa?"

"Na sani mana," in ji ta daga bakin ƙofa. "Gidan kyankyaso."

Da ya gama ya faɗi abin da zai biya a kan kayan kabad ɗin gaba ɗaya. Ko rabin aikin banɗakin bai kai ba. Shekarun Kuroiwa ke nan, da aikin ƙarin lokaci, da abincin rana da ya riƙa tsallakewa. Fumie ta kau da kai, shi kuwa kunnuwansa suka yi zafi.

Sannan tocilar ta haska saman kabad. Hamaguchi ya hau kujera, ya sauko da kwalin da hannu biyu kamar mai ɗauko jariri, ya duba tef ɗin ta kowane gefe.

"Munafuki! Kai da kake zagin 'yan ajiya a shagona? Kuro, wannan shi kaɗai ya ninka duk tarkacen nan sau uku. Ina da mutum a Tokyo da zai biya yau, ko tayi ba zai yi ba. Banɗaki ya samu, Fumie-san, har da canji."

"Ba na sayarwa ba ne. Buɗewa zan yi."

Dariyar Hamaguchi ta ɗauke. Ya ajiye kwalin, ya cire safar hannu. "Saurara, tsakanina da kai. Robar nan mai ruwan zinariya ba ta tsufa da kyau. Ƙyallin da aka zuba mata shi ke cinye ta. Duk wanda na san ya juya nasa a 'yan shekarun nan, marmashewa ya yi a hannunsa kamar biskit. Na cikin nan ma ya riga ya mutu, bai dai sani ba ne."

"To mutumin naka na Tokyo me zai saya?"

"Tef ɗin mana. Ɗan tef ɗin nan shi ne kuɗin. Muddin yana like, abin ciki lafiyayye ne a ran kowa."

"Shi ma ba zai buɗe ba?"

"Mahaukaci ne shi?"

Hamaguchi ya kwashe na cikin kabad a kwanduna, ya bar kwalin, ya ce a yi shawara. Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi. Fumie ba ta roƙe shi ba, ta dai kira mai gyaran banɗaki ya zo ya auna, ya tafi ya bar ta da farashi. Kuroiwa kan shiga ɗakin da ya zama fayau, ya tsaya gaban kwalin. Ya san gaskiya tana wurinta. Ya san abin kunya ne namiji ya kusa sittin yana auna lafiyar ƙashinsa da guntun roba. Sanin bai hana komai ba, kuma kullum da safe hannun ya ɗan fi na jiya rawa.

Ranar wata Lahadi da hantsi Fumie ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi a kan tabarma, kwalin a gabansa, ƙaramar wuƙar ferayarta a hannunsa. Wuƙar Sakai, garin da ya yi suna wajen ƙira, ba ta wasa, ga tsinin yana ta rawa a saman tef ɗin, ya kasa saita shi. Ta ajiye jakar cefane.

"Ashe dai ka yanke shawara."

"Ki yi haƙuri. Sau ɗaya kawai nake so in gan shi."

"Ni kuma in riƙa cicciɓar ka daga baho har ƙuguna ya karye, ko?"

Bai ajiye wuƙar ba. Ta ga tsinin ya kauce ya nufi babban yatsansa na hagu, sai ta durƙusa ta fizge ta.

"Kawo nan kafin ka zubar mini da jini a tabarma. Shekara ashirin ina goge wa wannan abu ƙura, ni ma ina da haƙƙin in ga uban da ke ciki."

Ta ja wuƙar sau ɗaya. Ko ƙara tef ɗin bai yi ba. Banɗaki ya tafi ke nan, su biyun kuma sun sani.

Bas ɗin ta fito da nauyinta, tana ƙamshin sabuwar roba. Kuroiwa ya shafa rufinta, ya murza tayoyin, har ɗan madubin gefe an yi mata. Bai buɗe takardar bayani ba, yatsunsa suka lalubo hanya. Bayan bas ɗin ya rabu biyu, ya ja, ƙafafu suka miƙe, ƙas, ƙas. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya buɗe gefuna, hannu ɗaya ya fito. Ya zo kan ƙugu, inda robar zinariyar ta fi yawa, ya riƙe numfashi, ya juya a hankali.

Ko hannunsa ne ya fizga, ko robar ce ta ga dama, ba wanda zai iya cewa. Wata 'yar ƙara aka ji mara daɗi, ƙugun ya rabu, ƙafafun suka zube a cinyarsa. Ya kai hannu ya tare, kafaɗa ta bi. Garin zinariya ya watsu a kan tabarma. Kuroiwa ya zauna da rabin bas a hannu, bakinsa a buɗe, ya kasa ko kuka.

Fumie ta tashi ta ɗauko tsintsiya da abin kwasa. Ranta a ɓace yake, ana gani a yadda take sharar. Ya ce da ƙaramar murya, "Ki haɗa duka a ledar sharar roba, ran Laraba ake kwashewa."

Ta karɓi rabin bas ɗin daga hannunsa za ta jefa, sai wani murfi a gaba ya buɗe, wani abu ya gangaro ya tsaya a gwiwarta. Kan ne, bai fi ƙwan tantabara ba. Ta ɗaga shi ta duba. Ba ƙaho, ba haƙora, ba hararar jarumai. Fuska ce mai faɗi, shiru-shiru, da 'yar hular direba a kai.

Ta ajiye ledar. "Wannan ba zai shiga shara ba."

"Roba ce, ke kika sha faɗa."

"Na faɗa lokacin yana bas. Yanzu yana da fuska. Abu mai fuska ba a jefa shi da robar man wanke-wanke, uwata ba ta koya mini haka ba. Lokacin kaka, a wurin ibadar da ke gangare ana karɓar tsofaffin 'yan tsana, a yi musu addu'a a sallame su. Can za mu kai shi, shi da gutsattsarinsa." Ta kama hannunsa ta juya tafin sama, ta ɗora masa kan. "Ungo. Kalle shi da kyau, ka biya."

Ya kalla. Ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu, muryarta ba taushi.

"To, Baban Chika, ya kai kuɗinsa?"

Ɗan kan yana ta kaɗawa a tafinsa, hagu da dama, hagu da dama, saboda rawar hannun. Fumie ta kalli wannan kaɗawar har ta kasa jurewa. Ta yar da tsintsiyar, ta durƙusa, ta tallafe hannun nasa da nata biyu ta matse, sai fuskar ta tsaya cak tana kallon su. A ƙarƙashin yatsunta tana jin hannun bai daina rawa ba.