Na Ɗaga Motar Inna, Na Bar Kayan Sitiyari a Kwali

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne a wani kamfanin ruwa a Lyon, ban daɗe da gama karatu ba, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a hawan sama a Rillieux-la-Pape. Mutumin wani ƙauye ne ni a arewa da Damagaram, kuma ni ne ɗan da aka tura karatu waje, saboda haka duk abin da ya lalace a gida, daga bakin rijiya har haƙorin yaro, ni ake kira a waya. Ban taɓa ƙi ba, ina ma jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Ina son a ce na iya tsara abu. Abokaina har tsokanata suke yi, wai ko shayi zan dafa sai na zana taswira. Na rubuto muku ne saboda 'yan'uwa masu sayen tsohuwar mota a nan su aika gida, ko Allah ya sa wani ya kauce wa abin da ni na faɗa ciki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ciwon zuciya ya kama ta bayan rasuwar mahaifinmu. Likita ya ce kowane wata sai an kawo ta Damagaram an duba ta, kuma duk ranar da numfashi ya yi mata wuya a kawo ta nan take. Hanyar ƙauyenmu rairayi ce zalla da rani, da damina kuma ga koramu waɗanda ƙaramar mota ba ta ko gwada ƙetarewa. A bayan babur ake kai ta, in ta dawo sai ta yi kwanaki ba ta iya miƙewa. Ƙanwata da ke aure a birni ta ce in ba a sami mota kafin ruwa ya sauka ba, dole Inna ta tattara ta dawo gidanta. Inna kuwa ta ce ita ba za ta zauna gidan suruki ba, ta bar ɗakin da aka kawo ta tana amarya, ta bar awakinta, ta bar garin da aka rufe mijinta. Da suka ja maganar har ƙanwata ta yi kuka a waya, sai na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, mota na nan zuwa kafin damina, Inna ba za ta motsa daga ɗakinta ba.

Na sami tsohuwar kat-kat, wato motar daji mai ja da duka tayoyinta huɗu, a hannun wani dattijon manomi a bayan garin Lyon. Injinta lafiya lau, sai dai ƙafafunta sun gaji, ta zauna ƙasa sosai. Na kai ta binciken lafiyar mota da doka ta wajabta, ta wuce, na yi mata inshora. Daga nan na kai ta wurin wani bakanike mutumin Garwa da ke aiki a wani ƙaramin gareji a unguwarmu, muna sallah masallaci ɗaya da shi. Na ce ina so a ɗaga ta yadda cikinta ba zai riƙa shafar rairayi ba, ruwan korama kuma ba zai kai ga injin ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, za a sa mata dogayen resor, wato ƙarafan nan masu murɗiya da jikin mota ke zaune a kansu, da dogayen amortisor, masu shanye gargadar hanya. Amma ya ce da zarar jiki ya tashi, ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba yakan ɗan juya ya kuma karkata gefe, sai sitiyari ya rasa daidaitonsa. Maganin abin shi ne wani dogon ƙarfe da ake iya ƙara masa tsawo, da wasu robobi masu mayar da tayoyin mazauninsu, da ƙaramin amortisor da ke kwance yana hana sitiyari rawa. Muka yi odar duka tare. Resor da amortisor suka riga isowa, ya ɗaura su, motar ta miƙe har sai na kama ƙofa kafin in hau. Na ɗauki hotonta na aika gida, aka yi ta sa mini albarka.

Kayan sitiyarin ba su iso ba sai da lokacin tashin jirgin ruwan da zai ɗauki motar ya matso. A tsakanin nan ne ɗan baffana ya kira ni. Bakanike ne a Damagaram, kuma shi aka shirya zai riƙa tuƙa Inna. Bayan gaisuwa ya ce ya ga hoto, ya yi murna, amma ransa bai so yadda zan sa baƙo ya gama komai ba, mota ta shigo gari a ce daga Faransa aka ƙarasa ta, kamar duk dangi babu mai iya riƙe sifana. Ya roƙe ni in bar masa aikin sitiyarin, shi ya san hanyar, shi zai daidaita shi yadda rairayinmu ke so. Ya girme ni, na ji nauyinsa. Da na gaya wa mutumin Garwa, ya ce ai haka kowa ke yi, motar da za ta gida a gida ake ƙarasa ta, kuma daga nan zuwa Paris inda za a yi lodinta tafiyar yini ɗaya ce kawai a kan kwalta mai santsi. Muka zagaya unguwa da ita babu kowa babu komai a ciki, a hankali, ba ta nuna mana wani hali ba. Na naɗe kwalin kayan sitiyarin da salatif, na kwantar da shi a bayan kujera, ina yaba wa kaina cewa na faranta wa kowa.

Sai maganar saƙo. Duk wanda ya zauna a nan ya san mota ba ta tafiya gida da ciki wayam. Akwai wata Hajiya mai shago a La Guillotière wadda ta ciyar da ni ba sau ɗaya ba lokacin da nake ɗalibi. Ita na fara gaya wa, don ban ga yadda zan ɓoye mata ba, kuma kafin Juma'a ta zagayo har mutanen da ban taɓa gani ba sun san lambar ɗakina. Hajiya ta kawo keken ɗinki na ƙanwarta. Wani malami ya kawo ƙaramin firiji. Wani ɗan Cadi ya kawo batiran sola masu nauyin tsiya, ya ce wani nasa zai zo Damagaram ya karɓa. Ga katifu, ga buhunan tufafi, ga tukwane. Kowa zai ce ɗan abu ne kaɗan, kuma kowa da ranar da ya taɓa yi mini alheri. Ban iya cewa a'a ga mutum ɗaya ba. Da ciki ya cika har rufi muka koma saman mota, muka ɗaure da igiya. Bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, kwalin kayan sitiyari kuma yana can ƙarƙashin komai.

Da hantsi na kama hanyar Paris. A Porte de la Chapelle zan haɗu da mutumin da ke tara motoci yana lodinsu a babbar mota zuwa tashar jirgin ruwa. Tun ban yi nisa ba na ji sitiyarin ya yi sakayau a hannuna, motar tana yawo tsakanin layi, sai na yi ta dawo da ita. In babbar mota ta wuce ni, iskarta sai ta kaɗa ni gefe. Wajen tsakiyar tafiya na taka mahaɗin wata gada, nan take gaban motar ya kama karkarwa, sitiyari yana bugun tafin hannuna hagu da dama. Na saki mai, ta rage gudu, karkarwar ta tsaya kamar ba a yi ba. Na tsaya a wurin hutawa, na zagaya ta, na shuri tayoyi, ban ga komai ba. Na kira mutumin Garwa, ya ce in rage gudu sosai, in da hali ma in nemi gareji. Na kira mai lodi, ya ce in ban iso kafin la'asar ba sai jirgi na gaba, shi kuwa ba zai tashi ba sai bayan ruwa ya sauka a gida. Na dubi tulin kayan da zan sauke a bakin hanya kafin in kai ga kwalin, na tuna abin da na faɗa wa Inna, na koma na tada mota.

Na kusa isa. A kan hanyar da ta kewaye Paris ne, motoci cike, kowa na gudu, ba dama in yi tafiyar hawainiya. Na taka wani mahaɗin gada, karkarwar ta dawo, wannan karon da ƙarfin da har madubi ya daina nuna komai. Motar gabana ta rage gudu, ni kuma na danna birki iya ƙarfina. Gaban ya fizge dama, na mayar da shi hagu, kayan da ke sama suka ja ta, sai na ga kwalta ta taso ta tagar gefena. Ta ja a kan haƙarƙarinta har ta daki katangar siminti. Ina rataye a bel ɗin kujera na ji wani abu yana ta birgima a kan hanya, ashe keken ɗinkin Hajiya ne. Allah ya tsare ban taɓa kowa ba, wani mai babur da ke bayana ya kauce da ƙyar. Ni ƙashin kafaɗata ne ya karye. Motar kuwa ƙashin bayanta ya lanƙwashe, ba ta gyaruwa. Masu inshora suka aiko mai dubawa, ya auna tsawonta, ya ce an canza ta bayan bincike ba tare da izinin hukuma ba, don haka babu ruwansu.

Da na koma Lyon hannu a rataye, masu saƙo suka yi ta zuwa gaishe ni. Kowa zai yi mini sannu, ya gode wa Allah da na rayu, sannan ya tambayi ko firijin ya tsira. Ban ga laifinsu ba. Wayar gida ce ta fi yi mini wuya. Inna ba ta ce mini komai ba sai tambayar kafaɗa, da ko ina samun mai dafa mini abinci. Hadari na fara haɗuwa ƙanwata ta je ta ɗauko ta. Aka rarraba awakin ga maƙwabta, aka ja ƙofar ɗakin aka ɗaure da waya. Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, ya ba ta ɗaki mai fanka, amma Inna ba ta cin abinci in yana gida, ba ta fitowa tsakar gida sai ta ji tashin baburinsa. Matar da ke kiran awaki da murya har ƙarshen gari ta koma magana ƙasa-ƙasa. Ɗakinta na ƙauye kuma, da yake babu mai yi masa yaɓe, bangon gabas ya zube a damina ta biyu, rufin ya bi shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji baƙin ciki, don ni na ce mata ba za ta motsa ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na koye shi. Ɗaga mota da gyaran sitiyarinta aiki ɗaya ne, ba a yin rabi a Lyon a bar rabi sai Damagaram. In za a bar wa na gida aikin, to a bar masa duka, resor ɗin ma su tafi a kwali, motar ta hau hanya yadda aka ƙera ta. In kuwa a nan za a yi, a gama shi, a nemi izinin hukuma, a gwada ta da irin kayan da za ta ɗauka da irin gudun da za ta yi, ba zagayen unguwa da ciki wayam ba. Ranar da sitiyari ya fara rawa a hannunka, tafiya ta ƙare a nan, ko jirgi nawa ne zai tashi ya bar ka. Masu saƙo kuma a gaya musu gaskiya tun a bakin ƙofa, fushinsu na mako guda ne. Ni na ji kunyar ɗan baffana, na ji kunyar Hajiya, na ji kunyar mutanen da ko sunansu ban riƙe ba, kuma Inna ce ta ɗauki nauyin kunyar tawa. Bara na sake haɗa wata kat-kat, aka yi mata komai a nan yadda ya kamata, ta tafi da katifa ɗaya tak a ciki, ta isa lafiya. Tana nan a ƙofar gidan ƙanwata, ɗan baffana yana wanke ta duk Juma'a. Sai dai yanzu babu ɗakin da za ta mayar da Inna.